Launin Kwakwa, In Ji Gwaggo Matangaro

Duk gidan ɗan Mauke da ka shiga, ko a nan tsibirin ne ko can Auckland inda rabin danginmu suka tare, ka nemi izini ka leƙa ɗakin baƙi. Za ka tarar an lulluɓe gado da tivaivai, mayafin nan da matanmu ke ɗinkawa da hannu, ana jera ƙananan ƙyallaye launi-launi har su zama fure ko tauraro. Kada ka tsaya kallon fuskarsa. Kama kusurwa ɗaya ka ɗaga. In ka ga bayan kore ne shar, irin koren da ke sa mutum ya ɗan runtse ido, to ka gaishe da masu gidan da kyau, wataƙila ma dangina ne. Wannan koren aikin mutum biyu ne: gwaggona Matangaro, yayar babana, da ɗanta Nooroa. Har yau ba a gama shari'ar ko kunnensa ne da laifi ko bakin uwarsa ba.

Gwaggo 'yar ƙaramar mace ce, in ta sa faffaɗar hularta ta zuwa coci sai ka ga kamar hular ce ke tafiya da kanta. Amma muryarta tana kaiwa ƙauye na gaba. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne ba ta yar da komai. Guntun zaren da ya rage a allura tana naɗe shi a tsinken ashana ta adana. Gwangwanin naman gwangwani ya zama tukunyar fure, tsohuwar lema ta zama rumfar kaji. Wandon mijinta, Papa Tutavake, ya sha faci har shi kansa ya ce ya manta asalin launinsa. Kada ka ce rowa ce, a'a. In ta buɗe ramin da take gasa abinci ranar Lahadi, da fasto da mai wucewa da karen maƙwabta duk sai sun ci gwaza da kifi sun ƙoshi. Ita dai ɓarna ce ba ta iya gani.

Sana'arta tsinko ganyen maire, mai ƙamshin nan da ake kaiwa Hawaii a yi abin wuya da shi. A cikin makatea yake fitowa, dajin duwatsu masu kaifi da ya zagaye tsibirinmu, inda in ka yi tuntuɓe ɗaya sai ka yi mako kana ɗingishi. Da sassafe take shiga da buhu, ta fito rana tsaka ƙafafunta duk yanka, tana ƙamshi kamar amarya. Wanda ya san wahalar da take sha kafin dala ɗaya ta shigo hannunta ba zai yi mamakin yadda take riƙon ta ba.

Da la'asar kuma sai ɗinki. A ƙarƙashin mangwaron bayan gidanta muke zama, mu matan unguwa, kowa da allurarta. Ni ce ƙarama a cikinsu a lokacin, ban daɗe da aure ba. Shugabar ɗinkin ita ce Mama Vainetutai, doguwa mai ƙiba, wadda ke tsara zane ta faɗi launin da zai bi wani. Ita da Gwaggo tare suka tashi, tare suka yi makaranta, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In Gwaggo ta ce za a yi ruwa, Mama Vainetutai shanya za ta fito da ita.

Akwai wata ɗabi'a tamu a ƙarƙashin mangwaron nan da ya kamata in faɗa tun yanzu. Ba ma kiran launi da sunansa kawai. Ba wadda za ta ce miƙo min ja. Sai dai ja irin na ƙaguwar da aka dafa, ko ruwan ɗorawa irin na cikin gwanda, ko shuɗi irin na teku bayan duwatsu. Fari ma iri-iri ne a wurinmu: akwai na rigar fasto, akwai na yashi, akwai na cikin kwakwa.

To, fuskar tivaivai daɗin yi gare ta, ana hira ana dariya. Bayan ne abin haushi. In an gama jera ƙyallayen, dole a yi masa shafi da farin yadi ya rufe ɗinkin duka. Yadin da ake samu a kantin tsibirin kuwa siriri ne, faɗinsa bai fi kamu biyu da ɗan wani abu ba, alhali mayafin sai ya rufe babban gado ya sauko har ƙasa. Don haka sai an sayi tsawon mayafin sau uku, a yanka, a haɗa gefe da gefe. Kuɗi ya tafi, zare ya tafi, ga layin haɗi biyu da ke tattarewa in an yi wanki, sannan a ƙarshe a bar ka da wani dogon tsiri da ko Gwaggo sai ta yi tunani kafin ta samo masa aiki. Kuma bayan nan shi ne abin da tsofaffi ke dubawa. Ranar biki in an shimfiɗa kayan amarya, tsohuwar da ta fi kowa a dangin ango za ta taso, ta yi wa fuskar kallo ɗaya, ta kama kusurwa ta juya. Ta bi haɗin da yatsa. Abin da fuskarta ta nuna a lokacin, shi za a yi ta maimaitawa shekara da shekaru.

Wata shekara aka kai Papa Tutavake Auckland a yi masa aikin ido, Gwaggo ta raka shi, suka sauka gidan Nooroa. A can ne, a wani kantin yadi, ta ga wani bandir a jingine da bango, tsayinsa ya kusa taɓo rufi. Da aka warware mata, sai ta ga ashe a ninke ma yake. Papa ya ba mu labarin daga baya. Ya ce yana tsaye da bandeji a ido ɗaya, ta damƙa masa gefe ta ce ya riƙe, ita kuma ta kama ɗaya gefen ta yi ta ja da baya har ta buge wata baturiya.

"Baban Nooroa, kana gani kuwa?"

"Da wane idon?"

"Da mai lafiyar mana! Tsawo ɗaya ya gama bayan mayafi. Ba haɗi, ba saura, ba komai!"

Kowane kamu nasa ya fi na siririn tsada, amma da yake sau ɗaya za ka auna maimakon sau uku, sai ya zo da sauƙi sosai. Ba ta sayo ba a wannan tafiyar, don asibiti ya cinye abin da suka je da shi. Labarin kawai ta kawo mana, ta kuma yi ta ba mu shi har muka haddace.

"Zanin gadon asibiti kika gani, ke dai," in ji Mama Vainetutai. "An kwantar da mijinki a kai, kin rikice."

"Ke da ba ki taɓa wuce babban tsibirinmu Rarotonga ba, me kika sani?"

"Na san babu masaƙar da ke da hannu mai tsawon haka."

"Inji ne ke yi, tsohuwar kawai."

"Wa kike kira tsohuwa? Na ga ranar da aka yaye ki ko ke kika ga tawa?"

Ana haka sai maganar auren Kimiora ta taso. Kimiora 'yar Nooroa ce, amma tun tana jaririya aka kawo wa Gwaggo ita, a bayanta ta girma, a gadonta ta yi fitsarin kwance. Wani yaron Rarotonga mai gyaran injin kwale-kwale ne ya nemi aurenta, yaro mai hankali, ba wanda ya ƙi shi. Kakarsa ce abin tsoro. Mama Tepaeru sunanta, kuma labarinta ya riga ta isowa: an ce ta taɓa juya mayafin wata amarya, ta bi haɗin da yatsa, sai kawai ta goge yatsan a jikin rigarta ta koma ta zauna. Uwar amaryar nan wai ba ta ƙara taɓa allura ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, mata na tsaye a ƙofa ana zancen, sai Gwaggo ta gyara hula ta ɗaga murya.

"Ta zo da yatsun hannunta duka, ta aro na ƙafa. Bayan tivaivain Kimiora ba za ta sami haɗi ko ɗaya ba, tun daga wannan kusurwa har waccan."

"Kowa ya ji ko?" in ji Mama Vainetutai. "To ni ma a ji ni. In aka yi haka, kwakwar bikin nan duka ni zan goge ta da hannuna."

"Fara wasa magogarki."

A lokacin babu waya a gidaje. Oba-oba ce guda ɗaya a gidan waya, sai an haɗa ka da Rarotonga, su kuma su haɗa ka da wanda kake nema. Ka danna, ka yi magana, ka ce oba, ka saki. Gwaggo ba ta taɓa yarda da wannan tsarin ba. Tana fara magana kafin ta danna, tana saki kafin ta gama. Ni na raka ta ranar, ina tsaye a gefenta, iska tana ta shuu a cikin akwatin. Ta riga ta aika wa Nooroa duk abin da ta tara na maire na wannan shekarar, don ta ce bandir guda za a saya, ya fi araha a kan yanke-yanke.

"Nooroa! Mai faɗin nan, ka tuna kantin? Bandir guda!"

"Na gane, Mama. Wane launi? Oba."

Abin da na ji da kunnena shi ne, fari irin na cikin kwakwa. Amma yatsanta bai sauka a kan madannin ba sai a kalmar ƙarshe.

"Kwakwa kika ce, Mama? Oba."

"E mana, kwakwa! Zaman birni ya sa ka manta kwakwa ne?"

"A'a, ban manta ba. Kin tabbata dai? Oba."

"Ji min yaro. Ni zan ce maka abu ka tambaye ni ko na tabbata?"

Ta ajiye, muka fito tana cewa yaran yanzu sai an yi musu magana sau uku.

Muka duƙufa a kan fuskar mayafin. Zanen furen tiare ne Mama Vainetutai ta tsara, fari da ruwan ɗorawa a kan shuɗi mai duhu, kuma duk da bakinta ba ta taɓa tsara abin da ya kai shi kyau ba, don ita ma Kimiora a cinyarta ta koyi zura zare a allura. Muka gama, muka naɗe, muka zauna jiran jirgin ruwa. Jirgi ya ce zai zo, bai zo ba. Aka ce injinsa, aka ce iska. Sai da biki ya matso har an fara ɗaure aladu, sannan wata safiya yara suka rugo suna ihu an hango shi.

Duk tsibirin ya sauka bakin ruwa kamar kullum. Aka yi ta sauke buhunan fulawa da kwanon rufi, can sai ga wani dogon abu a naɗe da leda da algarara, maza sun saɓo shi a kafaɗa.

"Wa ya rasu?" in ji Mama Vainetutai.

"Bakinki ne zai rasu yau," in ji Gwaggo, tana gaba maza na binta har gindin mangwaro.

Ta ƙi yarda a yanke igiyar, sai da ta kwance ta ƙulli-ƙulli ta naɗe ta sa a aljihu. Ta zare algararar ta ninke. Sannan ta buɗe ledar.

Kore. Ba koren ganye mai duhu ba, ba na gansakuka ba. Koren ɗanyar kwakwa tana bisa, wadda ake hawa a sauko da ita don a sha ruwanta, in rana ta haske ta. Ni dai na kafa ido a ƙasa don kada in haɗa ido da kowa. Sai Papa Tutavake ya matso da idonsa da aka gyara, ya leƙa, ya ce cikin jin daɗi:

"Kai, yaron nan ya iya zaɓe. Sak kwakwa."

Mama Vainetutai ta yi wata ƙara kamar an taka kaza, ta sulale daga kan benci, ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa. Da ta ɗago ta kalli yadin sai ta sake komawa. Gwaggo kuwa ta miƙe. Ta ɗauki hularta ta nufi gidan waya, ni kuma na bi ta a guje.

"Nooroa! Me na ce maka?"

"Kwakwa, Mama. Ya iso? Oba."

"Cikinta na ce! Cikinta! Fari!"

"Ni dai kwakwa na ji. Har na tambaye ki ko kin tabbata. Oba."

"Kada ka ƙara yi min oba! Kai duk kwakwar duniya ba ka san wata ba sai wadda kake hawa ka sato a gonar fasto?"

"Mama, kanti uku na zaga kafin in sami wanda ya yi daidai. Mai kantin har murna ya yi, ya ce ya daɗe a ajiye ba mai so. Kusan rabin kuɗin ya rage min. Canjinki na nan zan taho da shi. Oba."

Na dubi Gwaggo. Na ga fushin da ke fuskarta yana kokawa da wani abu dabam.

"Rabi?" ta ce a hankali, wannan karon kuma ta danna daidai.

Muka kama hanyar komawa. Ni na san abin da ke ranta. Babu wani jirgin kafin biki. Bayan tivaivai kuwa tun kakanninmu fari ne, ko abin da ya yi kusa da fari. Ko dai ta je kanti ta sayi siririn yadi ta haɗa, ta janye maganar da ta yi a ƙofar coci, ko ta shimfiɗa wannan koren a gaban Mama Tepaeru, a yi wa Kimiora dariyar da za ta bi ta har Rarotonga.

Washegari da hantsi ina taya ta ferayar rogo sai ga Mama Vainetutai, ba dariya, da ƙunshi a hammata. Ta ajiye a kan tabarma. Farin yadi ne siriri, sabo, wanda ta daɗe tana ɓoyo a akwatinta.

"Ɗauki. Ni zan yi haɗin da kaina, in yi shi yadda ko ita sai ta sha wuya kafin ta same shi. Maganar ƙofar coci kuma, in an tambaye ni, ban ji komai ba, iska ake yi ranar."

Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙunshin. Ta shafa shi, ta tura mata abinta.

"Na gode, ƙawata. Amma me na ce a ƙofar cocin?"

"Kin ce ba haɗi."

"Na ce fari?"

"Ba ki ce ba, amma Matangaro, kowa ya san..."

"To ba haɗi. Kuma bandir guda ba zai zauna min a ɗaki kyankyasai su yi biki a kansa ba. Ki mai da naki akwati, ki je ki nemo magogi."

Duk da haka ba ta yi gaggawa ba. Ta yanki ɗan ƙyalle, ta ƙulle shi da farin hankicin cocin Papa, ta jiƙa su a ruwan teku, ta wanke da sabulu, ta shanya. Hankici ya fito fari tas, yadin ba ya zuba. Ta ɗora fuskar mayafin a kansa ta ɗaga wa rana, don ta ga ko koren zai leƙo ta cikin fararen furannin. Ya ɗan leƙo kaɗan, kamar yadda gindin furen tiare na gaske yake da ɗan kore-kore. Ta kalli Mama Vainetutai. Ita kuma ta taɓe baki ta ce ta ga abin da ya fi wannan muni.

Muka shimfiɗa shi a kan tabarmi, tsawo ɗaya, aka yanka sau ɗaya. Aikin da muka saba kwana da kwanaki muna yi, muna daidaita haɗi muna farkewa, sai ga shi mun kalmashe gefuna mun gama har da lokacin shan shayi. Abin da ya rage a ƙasa bai fi a share da tafin hannu ba, shi ma Gwaggo ta tsince.

Mama Vainetutai ta cika alkawari. Ana jibi biki ta zauna a kan magogi, tulin kwakwa a gabanta kamar ƙaramin dutse, tana gogewa tana mita. A ranar Nooroa ya sauka daga jirgin sama. Ya zo gaishe ta, ya durƙusa, sai ta fasa kwakwa ɗaya ta miƙa masa ɓari.

"Ɗana, zo ka taimaki tsohuwa, idona ya yi rauni. Wane launi ne wannan?"

"Haba Mama, ni fa yanzu na sauka."

"Duba dai da kyau. Ko in kira maka oba-oba?"

Ranar biki aka ci aka sha, alade da ɗanyen kifi a madarar kwakwa da faten ayaba, har maza suka fara sassauta bel. Sannan aka zaunar da ango da amarya a kan kujeru a tsakiyar zauren taro, aka buga ganga, mu dangin amarya muka shigo da kaya muna rawa. Matasan kai, zannuwan gado, tabarmi. Na ƙarshe shi ne babban tivaivain, mu shida muka riƙo shi a buɗe, muka yafa musu a kafaɗa ya sauko har ƙasa. Zauren ya ɗauki guɗa. Gwaggo na gefe, hularta a karkace, ta harɗe hannu a ƙirji.

Mama Tepaeru ta miƙe. Ƙatuwar mace ce mai sanda, da tabarau a rataye a wuya. Ta tako a hankali, mai ganga ya sassauta da kansa. Ta sa tabarau ta dubi furannin, ta ce, "Hm." Sannan ta sunkuya ta kama kusurwa ta ɗaga.

Na ji wata daga cikin baƙin ta ja numfashi. Kimiora ta sunkuyar da kai. Mama Tepaeru ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ba ta ce komai a kan launin ba. Ta miƙa wa wani sandarta, ta lumshe ido, ta ɗora yatsa a kan yadin ta fara tafiya da shi, zuwa inda haɗin farko ya kamata ya kasance. Ta wuce wurin. Ta dawo, ta sake bi. Ta jawo mayafin ta ƙara juyawa, ta matsa gaba, ta ƙara jawowa. Tana ja tana zagaya kujerun, tana ja tana zagayawa, har sai da mayafin ya kife gaba ɗaya, ya rufe ango da amarya ruf, suka zama wani koren tudu a tsakiyar zaure. Daga ƙarƙashi muka ji muryar ango yana cewa, "Kaka, zafi fa."

"Yi min shiru." Ta buɗe ido ta juyo. "Wace ce kakar yarinyar?"

"Ga ni, Yaya," in ji Gwaggo.

"Ina kika ɓoye shi?"

"Me fa?"

"Haɗin."

"Babu."

"Tun kafin a haifi uban yaron nan nake juya tivaivai. Babu wanda ba shi da haɗi a baya."

"To yau kin juya ɗaya. Faɗin yadin ke nan, haka aka saƙo shi. Sau ɗaya na auna, sau ɗaya na biya."

Mama Tepaeru ta sake shafa shi, wannan karon da tafin hannu duka, a hankali, kamar mai shafa bayan jariri. Sannan ta ɗago.

"To, launin fa? Na ga baya fari, na ga ruwan madara. Ban taɓa ganin wanda akuya za ta bi da gudu ba."

Na ga Mama Vainetutai ta matso ta tsaya daf da kafaɗar Gwaggo. Gwaggo ta gyara hularta, ta nuna Nooroa da haɓa, yana can ya maƙale a bayan fasto.

"Yaya, namiji na aika."

Mama Tepaeru ta dubi Nooroa tun daga sama har ƙasa. Kafaɗunta suka fara girgiza. Sai dariya ta ƙwace mata, irin mai fitowa daga ciki, har sai da aka kawo mata kujera. Matan zauren kuwa, namu da nasu, kowa ta kama ta kusa da ita. Da ta samu numfashi ta share hawaye ta ce:

"Ni na aiki nawa ya sayo min zaren ɗinki, Allah ya ji ƙansa, ya dawo min da igiyar kamun kifi. Ya ce ta fi ƙarfi." Ta kamo hannun Gwaggo ta jawo ta kusa, ta rage murya, amma muryar irin ta Gwaggo ce, kowa ya ji. "Akwai saura?"

"Akwai wanda zai ishe mu ni da ke."

Aka yaye wa ango da amarya mayafin, sun jiƙe da gumi, Kimiora na dariya tana kuka. Da Mama Tepaeru za ta koma, da ƙunshin kore ta hau jirgi, ta bar wa Gwaggo tabarmar da ta saƙa da hannunta.

Sauran bandir ɗin ya zauna a kusurwar ɗakin Gwaggo, mata na zuwa ana yankar musu, wannan ta kawo kifi, waccan ta kawo ɗan akuya. Mama Vainetutai ce ta fara zuwa, ta ce ba don tana so ba ne, don dai ta rage wa ƙawarta kaya. Da ya ƙare muka haɗa kuɗi aka sayo wani. A lokacin an sa waya mai kyau, ana jin kowace kalma, kuma fari mai faɗi yana nan a kanti. Muka zauna a gindin mangwaro muka yi shawara, ba a daɗe ba aka ce a sayo kore. Yaranmu da ke Auckland sun riga sun fara cewa in sun je biki ko jana'iza, kusurwa kawai suke ɗagawa su san ko akwai na gida a wurin.

Papa Tutavake ya rasu shekarun baya, aka naɗe shi a tivaivai mai koren baya kamar yadda ya roƙa, don shi tun ranar farko bai ga aibinsa ba. Mama Vainetutai ma ta bi shi, kuma Gwaggo ce ta kalmashe gefen nata. Yanzu Gwaggo ta haura tamanin, ta bar shiga makatea, sai an zura mata zare a allura. A ƙasan akwatinta akwai yanki na ƙarshe na bandir ɗin farko, ta ce nata ne, kuma a sa koren ta ciki, don in ta farka ta san a gida take.

Nooroa ya yi ritaya ya dawo tsibirin, kansa fari fat kamar abin da aka aike shi saye. Yana gaya wa duk baƙon da ya tsaya saurare cewa shi ya ƙirƙiro koren Mauke. Jiya da safe na gan shi zai wuce kanti a kan babur, da ɗan ƙyalle ruwan hoda an maƙale masa da fil a aljihun riga. Na ce, "Yaya, ina zuwa?"

Ya nuna ƙyallen, ya nuna gidan da babban yatsa. Daga ciki muryar Gwaggo ta biyo shi har titi:

"Ka nuna musu kawai! Kada ka buɗe baki!"